Nauyin Hannu Kafin Kaifin Ido: Abin da Mai Koyon Golf Ke Mantawa a Bakin Rami

A filin golf mai ramuka 18 da aka ƙayyade wa bugu 72, bugu 36 an ware su ne domin turin ƙwallo a kan dandalin lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, wato turi biyu a kowane rami. Rabin lissafin wasan ke nan. Duk da haka, yawancin masu wasa don nishaɗi sun fi ƙarar da lokacin atisayensu wajen cilla ƙwallo nesa, dandali kuwa sai minti biyar kafin a fara. Ko a cikin waɗannan mintuna ma, hanyar da ƙwallo za ta bi suke ta nazari, alhali abin da ya fi cutar da su shi ne rashin sanin ƙarfin da ya dace.

Faɗin ramin inci 4.25 ne kacal. Nazarin Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya nuna cewa ƙwararrun gasar PGA ta Amurka, daga tazarar ƙafa 8, kusan rabin turinsu ne kawai ke faɗawa rami. Idan haka abin yake ga masu cin abinci da sandar, to ma'aikacin da ke wasa Asabar zuwa Asabar bai kamata ya sa ran zura ƙwallo daga ƙafa 30 ba. Aikinsa shi ne ya tsayar da ita kusa, yadda turi na biyu zai zama na cika sharaɗi. Turi uku a rami ɗaya shi ke lalata takardar maki, kuma galibi ƙwallon ta gaza ne ko ta zarce da nisa, ba kaucewa gefe ta yi ba.

Akwai dalili na biyu. Ba a iya zaɓen hanya sai an fara zaɓen gudu. Ƙwallon da ke tafiya a hankali gangara na janta sosai, mai sauri kuwa kusan miƙewa take yi. Dave Pelz, wanda ya yi aikin kimiyya a NASA kafin ya koma koyar da golf, ya ba da shawarar ƙarfin da zai kai ƙwallo inci 17 bayan rami idan ta kuskure. Ya kuma gano cewa masu koyo suna raina lanƙwasar gangara, shi ya sa ƙwallonsu ke yawan wucewa ta ƙasan rami. Wadda ta bi ta sama tana iya faɗawa a ƙarshe. Wadda ta sauka ƙasa kuwa nesa take ƙara yi.

Karanta dandali yana farawa tun mutum na tahowa daga nesa, lokacin da tudu da kwari suka fi bayyana. Ya tambayi kansa: da za a yi ruwan sama, ina zai bi? Sannan ya taka tazarar, domin tafin ƙafa na jin karkatar da ido ke ɓoyewa. A ƙasashe masu zafi, inda ake yawan shuka ciyawar Bamuda, kwanciyar ganyen ma na da tasiri: inda ta yi sheƙi ƙwallo za ta yi gudu, inda ta yi duhu za ta yi nauyi. A fili irin na IBB da ke Abuja, dandalin da ya jiƙe da damina ba ɗaya yake da wanda iskar hunturu ta busar ba.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce Broadie da kansa ya nuna cewa dogon bugu ya fi turi bambanta gwani da ɗan koyo. Gaskiya ne. Sai dai gyaran dogon bugu na cin shekaru da kuɗin malami, nauyin hannu kuwa rabin awa a mako na gyara shi: ƙwallo uku, daga ƙafa 20, 30 da 40, hawa da gangara, ana auna inda kowace ta tsaya. Mai ɗaukar jaka zai iya nuna masa hanya, amma ƙarfin da zai tura ƙwallon da shi, wannan sai shi da hannunsa.