Daga Ƙoƙi zuwa tattabara: Asarar farko ba ta kashe kiwo

Duk wanda ya taso a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san Ƙoƙi, matar Gizo a tatsuniya. To wannan ƙwaron, ƙoƙi-ƙoƙi, da muke gani a gonar gero mu wuce, shi ne wasu matasa a Amurka da Jamus ke kiwo a cikin kwalba, suna saka bidiyonsa a TikTok da YouTube. Dariya abin ke ba mu. Amma akwai darasi a wurinsu wanda masu kiwon tattabaru da kaji da zomaye a nan suke buƙata.

Kiwon ƙoƙi-ƙoƙi cike yake da mutuwa. Macen takan yi ƙwai a cikin wata kumfa mai daskarewa, 'ya'ya da dama, wani lokaci fiye da ɗari, su ƙyanƙyashe daga ciki. Idan aka bar su wuri guda babu isasshen abinci, junansu za su cinye. Ƙwaron yana saɓa sau da yawa kafin ya girma, kuma idan iska ta bushe sosai yakan maƙale a tsohuwar fatarsa ya nakasa ko ya mutu. Wajen barbara ma macen na iya cinye namijin. Ga shi rayuwarsa duka ba ta cika wuce shekara guda ba.

Me masu wannan kiwo suke yi? Suna rubuta ranar saɓa, suna fesa ruwa a mazauninsa don danshi, suna raba ƙanana, suna ciyar da mace ta ƙoshi kafin a kai mata namiji. Wanda nasa ya mutu yakan ɗauki hoto ya tambayi 'yan uwansa dalili.

Mu kuma fa? Yaro zai tara kuɗin aikin gini ko na acaɓa, ya je kasuwar Shinkafi ya sayo tattabaru, ya zuba su cikin tsofaffin a ranar. Hunturu ya shigo, cutar Newcastle ta bi kaji, irinta ta bi tattabaru, wuya ya murɗe, sati ɗaya akurki ya zama fayau. Sai ka ji, "Kai, kiwo bai karɓe ni ba." Hotunan da yake sakawa a status su ɓace, babu bayani. Na bayansa ya zo ya faɗa ramin nan dai.

Mun yarda da ƙaddara, babu musu. Amma ƙaddara ba ta hana tambayar abin da ya faru. Cutar Newcastle ba ta da magani, kafso ɗin da ake barbaɗawa a ruwa ba ya kashe ta. Rigakafi gare ta, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ta samo asali tun 1924, tana yin sa na kaji. Tambayi ma'aikacin lafiyar dabbobi kafin sanyi ya sauka. Sabon tsuntsu a ware shi aƙalla sati biyu. A wanke mazubin ruwa kullum. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a jefa a bola, kada a ruga da sauran kasuwa a sayar wa wani bala'i.

Ga yankinmu maganar ta wuce sha'awa. Satar shanu ta karya gidaje da yawa, kuma a 2021 mun ga yadda aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya a Zamfara. Kiwon da ake yi a bayan ɗaki shi ne ɗan jarin da ya rage a hannun matasa da mata da yawa: kuɗin data, kuɗin rajista a Poly ta Ƙaura, kuɗin sabulu. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta kusan kwana 18. Biyu da suka tsira za su iya cika akurki kuma, in dai an gano abin da ya kashe sauran.

Don haka, ɗan uwa, 'yar uwa, idan asara ta same ka, sayi littafi ka rubuta: yaushe, guda nawa, da wace alama. Saka a group ɗinku na WhatsApp kamar yadda ka saka ranar da ka sayo su. Fara kuma da kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo.