Gara Ba Ta San Jubili Ba

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Karaye da Rogo, in ikilisiya ta tashi bikin shekara hamsin sai gardama ta kaure: yaushe aka fara? Wani ya ƙirga daga ranar da mai bishara ya zauna da iyayenmu Maguzawa a gindin tsamiya, wani daga baftisma ta fari, wani kuwa daga rufin kwano. Mun san an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932, an kafa ECWA cikin 1954. Amma namu littafin baftisma, gara ta ci rabinsa cikin akwatin sakatare! Tsofaffin Zumuntar Mata suna riƙe da sunayen a ka. In an gama girbi, mu aiki 'yan makaranta wurinsu da takarda da alƙalami.