Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kaduna: A Riƙa Duba Bakin Masu Ɗauke da Ƙanjamau

Ranka ya daɗe,

Ina roƙo ne a madadin mutanen Birnin Gwari. Tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 hanyoyi suka fara buɗewa, mutanen Kuyello, Randagi da ƙauyukan bakin dajin Kamuku suna sake zuwa asibiti. Duk wanda tashin hankali ya yanke masa maganin ƙanjamau, bakinsa kan nuna raunin garkuwarsa da wuri.

A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su ce wa majiyyaci ya kurkure jan goro, sannan su haska masa baki. Farin dabbare mai kama da kindirmo, wanda in an goge ya bar ja a ƙasa, cutar fangas ce. In haɗiya ma tana ciwo, mai yiwuwa ta gangara maƙogwaro. Farin da ke gefen harshe, wanda ba ya goguwa, shi ma alamar raunin garkuwa ce. A duba dasashi: jan layi a gindin haƙora, zubar jini, wari, naman da ke cinyewa. Tabo mai ruwan hanta a ganda kuwa, a tura mai shi babban asibiti ranar nan, domin yana iya zama ciwon daji.

A haɗa ma'aikatan da tocila, safar hannu da magani.

Naka,
Ɗan Birnin Gwari