Gaisuwar Mutanen Aberdeen

Duk wanda tafiya ta kai shi Aberdeen, a arewa maso gabashin Sukotilan, muna ba shi shawara kada ya tsaya ga Turancin makaranta. Can akwai Doric, karin harshen Scots. Idan aka ce maka "Fit like?", lafiyarka ake tambaya, sai ka amsa "Nae bad". Wadda ta fi burge mu ita ce "Foos yer doos?", wato yaya tattabarunka, amsarta "Aye peckin", suna nan suna koto.

Wasu baƙi kan kira shi lalataccen Turanci. Ba mu yarda ba. An daɗe ana tsawata wa yaransu a aji saboda shi, kuma mu da muke tsiraru a nan mun san zafin wannan tsawa.