RA'AYINMU: HAƘƘIN 'YAN MAZAN JIYA A GIDA DA KUMA A LAYIN ZAƁE

 

Ya ku 'yan uwa Musulmi, a wannan wata muna son mu ja hankalinku ne zuwa ga wasu bayin Allah waɗanda muke tsayawa sahu ɗaya da su a masallatan Dutsin-Ma da Kurfi, amma ba kasafai ake ambatonsu a wajen wa'azi ko a taron rassa ba. Waɗannan su ne tsofaffin sojoji, 'yan mazan jiya. Waɗanda suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan Musulminsu. Amma waɗanda suka yi yaƙin basasa, wanda aka fara a ranar 6 ga Yuli 1967 aka gama a ranar 15 ga Janairu 1970, akwai sauransu, kuma wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 yau ya doshi 80. Bayansu akwai waɗanda aka tura Laberiya tun daga 1990, sannan Saliyo, a ƙarƙashin rundunar ECOMOG. Bayansu kuma ga samarin da suka dawo daga Borno da Yobe, inda ake fama da fitina tun 2009, wani babu ƙafa, wani babu ido, wani kuwa jikinsa lafiya lau amma barci ya ƙaurace masa.

Kowace shekara a ranar 15 ga Janairu hukuma takan yi bikin tunawa da su, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. Mu dai ba mu ga abin da fure zai amfana wa mamaci ba, balle abin da tattabara za ta ƙara wa mai rai wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Abin da mamaci yake bukata addu'a ce, abin da mai rai yake bukata kuwa haƙƙinsa ne. Duk wanda yake sauraron rediyo ya ji yadda tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja a watan Disamba 2024 da kuma Janairu 2025 suna neman a biya su kuɗaɗensu. Lalle abin kunya ne dattijo ya shimfiɗa tabarma a bakin titi domin neman abin da ya riga ya yi wa gumi.

Mun san akwai wasu matasa da shubuha ta shiga zukatansu, suna ganin duk wanda ya taɓa sa kaki ya yi wa ɗagutu aiki, don haka babu ruwan mai da'awa da shi. Muna tunatar da su cewa marigayi Sheikh Isma'ila Idris, wanda ya kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, limamin soja ne kafin nan, kuma a cikin bariki ya yi wani ɓangare na karantarwarsa. Ba mu ce duk abin da soja ya aikata daidai ne ba. Inda aka zalunci farar hula mun faɗa, kuma za mu ci gaba da faɗa. Amma irin waccan fahimta ta kafirta jama'a ita ce ta jefa Arewa maso Gabas cikin halin da ta shiga, kuma ba za mu bari ta sami masauki a majalisunmu ba.

Wahalar tsohon soja a yau ta sauya kama. A da tafiya ce mai nisa da kwana a tasha. Yanzu kuwa yawancin al'amuran fansho da banki sun koma cikin waya da intanet, ana neman lambar BVN da ta NIN, ana turo saƙo da Turanci. Dattijon da idonsa ya yi rauni, kuma 'ya'yansa sun tafi ci-rani, wa zai karanta masa? A nan ne 'yan damfara suke shiga, su bugo waya su ce daga ofis suke, su karɓi lambar sirri su kwashe abin da ke cikin asusu. Ga shi kuwa Allah Ya albarkaci Dutsin-Ma da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗalibanmu cike da su, kowa da waya a hannu. Awa ɗaya a mako bayan sallar La'asar ta isa a zauna da dattawan nan a cike musu takardu fi sabilillahi, bisa sharaɗin kada kowa ya riƙe lambar sirrin wani.

Wanda kuma ya dawo yana firgita cikin dare, ko yana dukan iyali ba tare da dalili ba, muna gargaɗin danginsa da su ji tsoron Allah kada su kai shi wurin boka ko 'yan bori, domin a can za a raba shi da dukiyarsa da imaninsa gaba ɗaya. A yi masa addu'o'in da suka tabbata, sannan a kai shi asibiti. Akwai na masu larurar ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ranar zaɓe ce take tona asirin wannan sakaci namu. Soja yana bakin aiki ba ya samun jefa ƙuri'a, domin ranar yana gadin akwatin wasu, nesa da rumfar da ya yi rajista. Wannan ne ya sa Sanatan Katsina ta Tsakiya, Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ma tsohon hafsan soja ne, ya kawo ƙudurin bai wa irin waɗannan ma'aikata damar yin zaɓe kafin ranar, ƙudurin da ya tsallake karatu na biyu a watan Maris 2025. Waccan magana ta 'yan majalisa ce. Tamu ita ce mutumin da ya ajiye aiki, ya fito karo na farko da katinsa, sai layi ya kayar da shi.

Mun sha ganin yadda abin yake. Jama'a su fito tun bayan Asuba, kayan aiki ba su iso ba sai hantsi ya dubi ludayi, na'ura ta ƙi karɓar yatsan manomi wanda fartanya ta cinye zanensa, rana ta take, samari masu ƙarfi su danne gaba, tsoho da mai ciki da gurgu su haƙura su koma gida. Ba yau aka fara ba: a 2011 an dakatar da zaɓen 2 ga Afrilu bayan mutane sun riga sun hau layi, a 2019 kuma an ɗage na 16 ga Fabrairu cikin dare. A 2021 hukumar INEC ta ƙara rumfuna 56,872, jimilla ta kai 176,846, domin rage cunkoso, amma mutane da yawa ba su sauya rumfa ba, har aka je zaɓen 2023 da rumfuna 240 waɗanda babu mai rajista ko ɗaya a cikinsu, alhali wasu sun cika maƙil. A wannan yanki kuma akwai ƙarin nauyi, domin waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Safana da Batsari da Ɗanmusa suna zaune a cikinmu, rajistarsu kuwa tana can inda suka baro. Saboda haka idan aka ce ƙasa da kashi 30 cikin 100 na masu rajista ne suka yi zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, kada a ɗora laifin duka a kan lalaci. Akwai waɗanda suka fito, layi ya kore su.

Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya sha suka a lokacin da ya kira Musulmi, maza da mata, su yi rajista su yi zaɓe. Mun amsa wannan kira, muna ta cewa a fito, a fito. To, wanda ya tara jama'a kuwa wajibi ne ya tanadi tabarmar da za su zauna. Ƙa'idar zaɓe da kanta ta ce a gabatar da tsofaffi da naƙasassu da masu juna biyu, kuma duk wanda yake kan layi kafin ƙarfe 2:30 na rana sai ya jefa ƙuri'arsa ko da dare ya yi. Mutane ne ba su sani ba, a sanar da su a kan mumbari.

Don haka muna kira ga rassanmu na Dutsin-Ma da Kurfi, tun kafin zaɓen 2027, kowane reshe ya rubuta sunayen 'yan mazan jiya da zawarawansu da marayunsu da ke unguwarsa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, domin haƙƙin maƙwabtaka bai ware kowa ba. Mabukata daga cikin Musulminsu a sa su a rabon zakka. A taimaki wanda yake son mayar da rajistarsa kusa da gida tun ƙofa tana buɗe. 'Yan agaji su tanadi ruwa da benci da inuwa, kuma su nemi shawarar tsofaffin sojojin nan da suke da sauran ƙarfi, domin babu wanda ya fi su sanin tsara layi. Sai dai a kiyaye: doka ta hana neman ƙuri'a a cikin tazarar mita 300 daga rumfa, kuma duk ɗan agajin da ya raɗa wa dattijo sunan jam'iyya yayin da yake miƙa masa ruwa ya ci amana, za a cire shi daga aikin. Shugabannin rassa su kawo jerin sunayen a taron wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.