Yadda Shinkafa Ke Gane Abokin Gābanta

Manomin shinkafa a fadamun Gwagwalada ko Kwali ko Abaji, cikin yankin Abuja, hankalinsa kan tashi in ya ga ganye ya soma ƙonewa daga gefe alhali ga ruwa kwance a gona. Cikin masu haddasa haka akwai wata ƙwayar cuta, Xanthomonas oryzae, wadda kan shiga ta rauni ko ta ƙananan ƙofofin bakin ganye, kana ta toshe hanyoyin ruwa.

To, wata shinkafar tana da mai gadi. Shi wani furotin ne da ke kafe a bangon ƙwayoyin halittarta, kansa a waje, gindinsa a ciki. Ita kuwa cutar takan saki ɗan ƙaramin furotin, RaxX, mai ɗauke da ɗigon farar wuta a wuri guda tak. Da zarar ya zauna daram a kan mai gadin, sai gindin ya aika da saƙo ciki, shuka ta tashi tsaye ta tare cutar. In babu wannan ɗigon, ko motsi mai gadi ba ya yi.

Abin sha'awa, daga shinkafar daji ta ƙasar Mali, wadda manoma da yawa ke ɗauka ciyawa ce, aka samo wannan gado mai suna Xa21. Pamela Ronald da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka ware shi a 1995, amma sai a 2015 aka tabbatar da abin da yake ganewa. An kuma sami wasu jinsunan cutar da suka sauya kamannin RaxX, suna wuce mai gadin salin-alin.