NAZARI: Gidajen hayar kwana a Lokoja: baƙo ya samu masauki, ɗan gari na neman tudu

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kudu ya san Lokoja a matsayin zango. A tsaya a Natako a yi salla, a ci kifi, a sha wa mota mai, a kama hanya. Garin da tsofaffinmu ke kira Lakwaja ya daɗe yana ganin baƙi masu wucewa, kaɗan ne daga cikinsu ke kwana. Sai dai a 'yan shekarun nan wata sana'a da ta fara ƙarfi a Legas da Abuja ta iso garin, wato bayar da hayar gida da kayansa a ciki, gado da kujeru da firiji da na'urar sanyaya ɗaki da janareta, na kwana ɗaya ko mako ko wata. Masu harkar na kiransa shotlet, kuma galibi a Instagram da WhatsApp da shafuka irin su Airbnb ake tallarsa.

A Abuja ana iya kallon wannan a matsayin ciniki tsakanin mai gida da baƙonsa kawai. A Lokoja lamarin ya wuce haka, domin gari ne da fili mai aminci ya yi masa ƙaranci, kuma irin filin da ɗan gari ke nema shi ne dai mai shotlet ke nema.

Wane ne ke kwana a Lokoja?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kogi a 1991 aka mai da garin babban birninta, masu zuwa neman kwangila ko bin takarda a ma'aikatu ba su yanke ba. A nan hedikwatar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, take. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga kamfanin siminti na Dangote a Obajana da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta duk a kusa. Injiniyan da aka turo aikin mako uku, da iyayen da suka zo bikin yaye ɗalibai, da dangin amarya, duk sun fi son gida mai ɗakin girki a kan ɗakin otel guda. Haka ma 'yan siyasa. Zaɓen gwamnan Kogi ba ya faɗawa tare da babban zaɓe, kamar yadda aka yi shi a Nuwamban 2023, saboda haka jami'an jam'iyyu da 'yan jarida da masu sa ido daga ko'ina ke kwararowa garin a lokaci guda.

Sai kuma matafiya. Hanyar Abuja zuwa Lokoja ba ta wuce kimanin kilomita 200 ba, amma aikin mai da ita tagwaye da aka bayar tun 2006 ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma tsoron masu garkuwa da mutane ya sa mutane da dama sun daina tafiyar dare. Iyalin da magariba ta riske su a Lokoja sun gwammace su kwana.

Wannan buƙata ce ta gaske, kuma biyan ta ba laifi ba ne. Tana samar wa masu shara da masu gadi da masu gyaran wuta da famfo aiki, tana kuma barin kuɗi a garin da a da ƙurar motoci kawai yake sha.

Lissafin mai gida

Abin da ke jan masu gidaje ba ɓoyayye ba ne. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, gida mai ɗaki biyu da falo ana bayar da shi naira 600,000 a shekara. Idan aka zuba masa kaya aka bayar da shi naira 30,000 a dare, kwana 20 sun isa su kawo kuɗin shekarar. Ko an cire kuɗin man janareta, wanda ya yi tsada tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, da albashin mai kula da gida, da darare masu yawa da ba kowa, sau da dama riba na nan. Ƙari a kan haka, mai gida ya huta da ɗan hayar da ya ƙi biya kuma ya ƙi tashi, da zaryar kotu.

Amma kowane gida da ya koma hayar kwana, gida ɗaya ne ya fita daga hannun masu hayar shekara. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin jihar, naira 72,500 a wata, ba zai iya gogayya da baƙon da kamfani ke biya wa masauki ba. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ɗalibin jami'a ma haka.

Tsakanin kogi da dutse

A nan ne yanayin ƙasar Lokoja ya shigo. Garin na zaune ne a matse tsakanin Dutsen Patti da mahaɗar kogunan Kwara da Binuwai. A 2012 ruwa ya shanye unguwanni ya datse hanyar Abuja. A 2022 ya maimaita, a shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya. Hanya ta nutse a wajen Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale kwanaki, har layukan mai suka dawo a Abuja. Unguwannin da ke gaɓar kogi irin su Ganaja da Gadumo da Adankolo sun ga kwalekwale na yawo a inda motoci ke bi, iyalai da dama suka koma kwana a azuzuwan makarantu.

Mai zuba jari a shotlet ba zai kai firiji da kujerun miliyoyi inda ruwa ke shiga kowace 'yan shekaru ba. Tudu zai nema, mai hanya mai kyau da tsaro. Idan aka bar kasuwa ita kaɗai ta yi rabo, gidajen tudu za su koma na masu kwana biyu su wuce, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya gangara inda haya ke da araha, wato bakin ruwa. Duk shekara hukumomi na kiran mazauna gaɓar kogi su koma tudu kafin damina ta yi nisa. Wannan kira ba zai yi tasiri ba muddin tudun ya fi ƙarfin aljihun wanda ake kira.

Wa ke da alhakin sa ido?

Otel yana da rajista, yana biyan haraji, yana rubuta sunan baƙo. Gidan hayar kwana kuwa sau da yawa lambar waya ce da lambar asusun banki, a bar wa mai gadi makulli. Maƙwabci bai san wanda ya kwana a bayan katangarsa ba. Kisan shugaban wani gidan talabijin a irin wannan gida a Lekki da ke Legas, a watan Yunin 2021, ya nuna inda sakaci ke iya kaiwa.

Gwamnatin jiha ba ta da uzurin jiran Abuja. Tun a Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa tsara harkar otel da masaukai hurumin jihohi ne. Kuma ba sai an kai ga matakin birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya ba, wanda a 2024 ya sanar da cewa zai kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje nan da 2028, bayan tsadar haya ta addabi 'yan gari. Lokoja ba ta kai can ba, shi ya sa gyara ke da sauƙi yanzu, tun icce yana ɗanye.

Matakin farko shi ne rajista mai sauƙi da araha, domin a san yawan gidajen da unguwannin da suke. Na biyu, a wajabta karɓar shaidar baƙo da ajiye ta, a kuma bayyana wa baƙon ko gidan na yankin da ruwa ke ci. Na uku, harajin da za a karɓa ya tafi wajen buɗe sabbin filaye a tudu, da hanya da ruwan sha, a kan farashin da ma'aikaci zai iya.

Tarihin da ba a ci moriyarsa ba

Akwai kuma hanyar da sana'ar za ta amfani garin fiye da yanzu. A Lokoja ne Lugga ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, ya ayyana mulkin mallaka a Arewa, kafin hedikwata ta koma Zungeru, daga bisani Kaduna. Gidan hutawarsa na nan a kan Dutsen Patti, inda ake hango mahaɗar kogunan biyu. A garin ne kuma kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kai gudun hijira suke, cikinsu har da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Mutanen Kano da Zariya nawa ne suka ratsa Lokoja sau goma ba su taɓa tsayawa sun yi musu addu'a ba?

Da za a gyara waɗannan wurare, a sa alamomi da masu yi wa baƙi bayani, matafiyi zai samu dalilin ƙara kwana, kuma kuɗinsa zai isa ga mai kwalekwale da mai sayar da kifi da ɗan acaɓa, ba mai gida kaɗai ba. Amma kafin nan, abin da ke gaban gwamnatin Kogi shi ne ta ƙidaya gidajen, ta san inda suke, ta kuma tabbatar cewa idan kogi ya sake cika, iyalan Ganaja da Gadumo suna da tudun da za su iya biyan hayarsa.